Na sayi kwalin irin shuka a intanet bai yi ba: laifin iri ne ko nawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune Mabera, cikin garin Sakkwato. Watan Afrilu na sayi wani ɗan kwali a intanet, irin wanga da ake talla ana cewa ko yaro na iya shukawa. Akwai 'yan tukwane biyar ƙanana a ciki, da wasu dunƙulen abubuwa masu kumbura in an zuba musu ruwa, da marfin roba, da iri kala biyar: basil, na'ana'a, koriyanda, labanda da fulawar da aka rubuta zinniya. Na bi takardar sak, na aje su bakin taga. Basil kaɗai ya fito, shi ma ya yi tsawo siriri ya faɗi. Yarana sun ji ba daɗi ƙwarai. Laifin irin ne ko nawa? In sake saye ko asarar kuɗi ce?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Da ni aka ba wannan kwali a watan Afrilu a garin nan, aka ce in bi takardar da ke ciki ba ƙari ba ragi, abin da zan samu ba zai wuce naki ba. Na daɗe ina aikin malamin gona tsakanin masu lambun fadama da matan da ke shuka a tsakar gida, kuma a 'yan shekarun nan wannan tambaya taki tana yawan zuwa mini. Abin da ke damuna shi ne yawancin waɗanda abin ya faru da su sukan yanke hukunci cewa ba su da hannun shuka, su haƙura gaba ɗaya. Ba na so hakan ta faru da ke ko da yaranki.

Matsalar daga takardar nan ta fara. Yawancin waɗannan kwalaye an tsara su ne don mutanen Turai da Amurka, ko kuma an kwaikwayi nasu. Can abin da mai shuka ke tsoro sanyi ne. Shi ya sa za ki ga an ce a shuka a watan Maris ko Afrilu, a rufe da marfin roba don ɗumi ya taru, a ajiye inda rana ke bugawa sosai. A Ingila watan Afrilu lokacin da ƙasa ke fara farfaɗowa ne daga sanyi. A Sakkwato kuwa tsakiyar bazara ce, zafi na haura digiri 40 kusan kullum, iska kuma a bushe. Ɗan tukunyar da bai fi kofin shayi ba, an rufe shi da roba a irin wannan yanayi, dafa irin yake yi. Idan kuma an buɗe, kafin azahar ya bushe ƙayau. Iri da ya fara tsira, saiwa ta fasa ɓawo, sannan ya bushe ko da na wuni ɗaya ne, yawanci ya mutu ke nan, ko da an dawo an cika shi da ruwa daga baya.

Sannan irin guda biyar da aka haɗa miki, buƙatunsu sun sha bamban, bai kamata a ce rana ɗaya za a shuka su a wuri ɗaya ba.

Basil ɗan'uwan ɗaɗɗoyarmu ne, dangi ɗaya suke. Yana son ɗumi, shi ya sa shi kaɗai ya fito, kuma yakan tsira cikin kwana 5 zuwa 10. Tsawon da ya yi siriri alamar ƙarancin haske ce. Tagogin gidajenmu ƙanana ne, ga raga, ga labule, an yi su ne don tare rana. Tsiro da bai samu haske ba miƙewa yake yi yana nemansa har ƙafarsa ta kasa ɗaukarsa. Idan kuma kin lura gindin ya yi baƙi ya tsuke daidai bakin ƙasa kafin ya faɗi, to cutar ruɓewar gindi ce, wadda yawan ruwa da rashin shigar iska ke jawowa. Marfin robar nan yana taimaka mata matuƙa.

Koriyanda, wadda ganyen ƙamshi ce ta girki, shukar sanyi ce. A wurinmu lokacinta daga ƙarshen Oktoba ne zuwa Janairu, lokacin da masu lambu a Kwalkwalawa da Wurno da Goronyo ke cikin aikin albasa da latas da karas. Da zafi ko ta fito ba ta tsayawa yin ganye, sai ta yi sauri ta fitar da fure. Abu biyu game da ita da takardar ba ta cika faɗa ba: wannan ɗan ƙwallon da kike gani iri biyu ne a cikinsa, in kika murza shi a hankali ya rabe biyu kika jiƙa shi dare ɗaya, ya fi saurin fitowa. Kuma saiwarta ɗaya ce mai nutsewa ƙasa, ba ta son dashe. A tukunyar da za ta zauna ake shuka ta tun farko, mai zurfin aƙalla taƙi ɗaya.

Na'ana'a kuwa, ina mamakin masu sa irinta a kwalin 'yan koyo. Ƙwayar ƙanƙanuwa ce kamar ƙura, fitowarta ba tabbas, kuma abin da ya fito sau da yawa ƙamshinsa bai kai na wadda muka saba ba. Masu lambu da reshe suke yaɗa ta. Ki sayi ɗauri ɗaya ɗanye shar a wurin masu kayan miya, ki zaɓi rassa masu ƙarfi, ki cire ganyen ƙasa, ki tsoma su a kofin ruwa a inuwa, kina canza ruwan duk bayan kwana biyu. Cikin mako ɗaya zuwa kwana 10 za ki ga fararen saiwoyi. Ki dasa ta a tukunyarta ita kaɗai, domin in ta kama tana mamaye duk abin da ke kusa da ita. Tana son laima da inuwa-inuwa. Wurin da ya fi dacewa da ita a gidan Bahaushe shi ne kusa da inda ake alwala, ruwan da ke zuba kullum sau biyar ya ishe ta.

Labanda ba zan ɓoye miki ba, ki cire rai da ita a yanzu. Shukar fure ce mai ƙamshi, asalinta ƙasashen bakin tekun Bahar Rum ne. Irinta kan so ya kwana cikin sanyi na makonni kafin ya farka, fitowarsa na ɗaukar lokaci, kuma ko ta fito, haɗuwar zafi da laimar watan Agusta kan kashe ta. Haka rosmeri, wani ganyen ƙamshi na girki da ba ya cikin kwalinki, shi ma daga iri wahala ne ko ga ƙwararru. Fasili, shi ma ganyen girki ne, yana yi a nan da hunturu, sai dai yakan kai mako 2 zuwa 4 bai fito ba, mutane da yawa kan zubar da tukunyar alhali yana hanya.

Zinniya ce ta ba ni mamaki a labarinki, domin tana cikin furanni masu jure zafinmu, kuma takan fito cikin mako guda. Rashin fitowarta ya sa nake zargin ko dai bushewar da na faɗa, ko kuma irin ya riga ya mutu kafin ya iso hannunki. Iri abu ne mai rai, yana numfashi a hankali a cikin takardarsa. Wani masanin iri Ba'amurke, Harrington, ya fitar da ƙa'idar da har yau ake koyarwa a makarantun aikin gona: duk ƙarin zafi na digiri 5 a wurin ajiya yana rage rabin tsawon rayuwar iri. To ki auna kwalin da ya taso daga wata ƙasa, ya zauna a sito, ya hau mota daga Legas ko Kano, ya kwana a tasha cikin rana. Don haka kafin ki zargi kanki, ki gwada irin. Ki ƙirga ƙwaya 10, ki shimfiɗa a tsumma mai tsabta da kika jiƙa kika matse, ki naɗe, ki sa a kwano ki rufe, ki ajiye kusa da randa inda ke da sanyi. Kullum ki duba, kada ya bushe. In 7 ko 8 suka tsira, iri lafiya lau. In 3 ko 4 ne, ki yawaita shi wajen shuka. In babu ko ɗaya bayan kwanakin da aka rubuta a jiki sun wuce da mako guda, magana ta ƙare. Wannan gwaji yara suna jin daɗinsa ƙwarai, domin da idonsu suke ganin saiwa na fasa ɓawo.

Dunƙulen da ke kumbura da ruwa, yawanci zaren ɓawon kwakwa ne aka niƙa aka matse. Abu ne mai kyau, yana riƙe ruwa kuma iska na ratsa shi, amma kusan babu abinci a cikinsa. Tsiro na rayuwa ne da guzurin da ke cikin ƙwayarsa har ya yi kunne biyu. Da ganyen ainihi ya fara fitowa, sai ya nemi taki, in babu ya tsaya cak ya yi ɗorawa. 'Yan tukwanen ma na reno ne kawai, ko da hoton da ke bayan kwalin ya nuna ganye ya cika su ya yi lif. Wasu ma na ado ne, gwangwani ko tangaram marasa huji a ƙasa. Duk tukunyar da ruwa ba ya fita ta gindinta, saiwa ruɓewa za ta yi.

Yanzu ga yadda nake so ki yi, tunda ruwa ya sauka, zafi ya ɗan lafa.

Ki nemi mazubi babba. Tukunyar ƙasa ta fi komai a garin nan, saboda tana tsatsafo tana sanyaya saiwa, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Tsohuwar tukunya ko tulun da ya tsage ya daina riƙe ruwa, shi ne daidai. In babu, bokitin fenti da aka wanke sosai, ko jarkar da aka yanke, ko buhun shinkafa da aka naɗe bakinsa, duk suna yi, muddin an huda gindin wuri huɗu ko biyar. Baƙar roba ce ba na so, musamman a kan siminti, domin da rana takan yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa, saiwa kuma na manne da jikinta daga ciki. In ita kike da ita, ki ɗora a kan katako ko bulo, ki naɗe ta da tsohon buhu.

Ƙasa kuma haɗawa ake yi. Ta jigawa zalla ruwa wucewa yake yi, lakar fadama zalla kuma in ta bushe tauri take yi kamar bulo. Abin da nake ba mutane shawara: kwano biyu na ƙasar gona mai yashi-yashi, kwano ɗaya na takin awaki ko tumaki ko shanu da ya ruɓe sosai, kwano ɗaya na ɓuntun shinkafa, in an babbaka shi ya yi baƙi ya fi. Sauran zaren kwakwar da ke cikin kwalinki ki zuba a ciki, yana ƙara kyau. Ki kula da maganar ruɓewar taki. Wanda ya nuna baƙi ne, yana marmashewa a hannu, ba ya wari, ba ya zafi. Ɗanyen taki, musamman kashin kaji, ƙone tsiro yake yi, kuma yana kiran gara. In daga Kara kika samo ko daga turken gida, ki tara shi gefe kina yayyafa masa ruwa kina juyawa har ya huce.

Zurfin shuka shi ne inda aka fi kuskure. Mun saba da gero da dawa da wake, sai a tona rami a binne. Ƙa'idar ƙananan iri ita ce kada ƙasar da ke kansu ta wuce kaurin ƙwayar sau biyu ko uku. Basil barbaɗa shi ake yi, a rufe da ƙasa shafe-shafe. Tayim ko rufewa ba a yi, dannawa kawai ake yi da tafin hannu. Zinniya da marigol rabin gaɓar yatsa ya isa. Ban ruwa kuma kada a kwarara da moɗa, irin zai taru gefe ɗaya ko ya nutse. Ki huda marfin gorar ruwa da allura, ki riƙa yayyafawa. Sannan ki yi abin da masu renon albasa ke yi a fadama: su rufe wurin renon da busasshiyar ciyawa har iri ya fito, don rana da iska kada su busar da saman ƙasa. Ki yi haka da ciyawa ko yankin buhun algarara mai laima, amma ki riƙa leƙawa safe da yamma. Ranar da kika ga tsiro na farko, ranar za ki yaye rufin.

Maganar rana, inda takarda ta ce rana cikakkiya, ki fassara ta da ranar safe. Gefen gabas na tsakar gida, inda hantsi ke sauka har zuwa ƙarfe 11 ko 12 sannan inuwar katanga ko ta dogon yaro ta rufe, nan ne wurin. Da hunturu suna iya shan rana fiye da haka, sai dai a kare su daga busasshiyar iskar da ke kaɗowa daga arewa maso gabas. Da damina kuma a kula kada tukunya ta zauna ƙarƙashin indararo.

Akwai abu guda game da ruwanmu. Yankin nan yana da dutsen farar ƙasa, wanda saboda shi ne aka kafa masana'antar siminti a Kalambaina, kuma ruwan wasu rijiyoyi da burtsatse na ɗauke da shi. In kin ga wani farin abu na taruwa a bakin tukunya ko saman ƙasa, shi ne. Maganinsa, lokaci-lokaci ki ba tukunyar ruwa mai yawa har ya zubo ta ƙasa ya wanke. Ruwan sama ya fi kowane, ki tara in da hali. Ruwan wankin shinkafa ko na ganye babu laifi, amma ban da ruwan wanki ko na wanke-wanke mai sabulu da maiƙo. Kafin ki ƙara ruwa ki nutsa yatsa gaɓa ɗaya, in da laima ki bari.

Abokin gabar da takardar Turawa ba ta san da shi ba shi ne ƙadangare. Tsiron da kika yi mako biyu kina reno, da hantsi ɗaya zai share shi. Ga kaji, ga awaki, ga tsuntsaye. Tsohon gidan sauro da aka kafa a kan 'yan sanduna yana maganin duka, kuma yana rage kaifin rana. Ƙananan ƙwari masu manne wa bayan ganye kuwa, ki daka 'ya'yan dogon yaro, ki jiƙa su kwana, ki tace, ki fesa da yamma. Ki bar kwanaki kaɗan kafin ki tsinka, ki kuma wanke sosai saboda ɗaci. Ganyen da za a ci ɗanye ko a sa a shayi ban yarda a fesa masa maganin ƙwarin gona ba.

In sun fito da yawa ki rage, ko da zuciyarki ba ta so. Basil biyu ko uku sun ishi bokiti ɗaya. Idan ya kai tsawon taƙi, ki tsinke kansa daidai saman inda ganye biyu suka fito, zai yi rassa biyu a wurin. Haka za ki riƙa yi, kina amfani da abin da kika tsinka, shi kuma yana ƙara cika. Fure in ya fito ki cire, sai guda ɗaya da za ki bari ya bushe don iri na gaba. Amma duk takardar da aka rubuta F1 a jikinta, irin aure ne, 'ya'yansa ba lallai su yi kama da uwar ba.

To, ki sake saye? Ban hana ki ba. Waɗannan kwalaye sun sa mutanen da ba su taɓa tunanin shuka ba sun fara, ina kuma ganin wannan alheri ne. Akwai masu siffar ƙwai, akwai fensir mai iri a gindinsa da ake dasawa in ya ƙare, akwai takardar da aka cusa iri a cikinta. Duk suna faranta wa yaro rai. Sai dai ki duba abin da ke ciki kafin ki biya: a ce an rubuta sunan kowane iri da ranar da aka ƙunshe shi, takardar kuma a liƙe take ruf. Ki fifita mai basil, zinniya, marigol, sanfulawa ko fotulaka, wadda ke buɗe furenta da hantsi kuma ba ta damu da zafi ba. Ki guji masu tallan fure mai launin bakan gizo ko wardi shuɗi shar, domin wardi ba shi da sinadarin da ke ba da shuɗin launi, hotunan gyara su aka yi. Ki kuma sani shigo da iri daga waje yana da doka, akwai hukumar tarayya mai kula da killace kayan gona da ke ba da izini, saboda cututtuka da ciyayin da kan biyo iri. Saye daga dillalan iri na cikin gida da masu lambu suka sani ya fi kwanciyar hankali, kuma takarda ɗaya ta iri a wurinsu za ta ba ki ninkin abin da ke cikin kwalin.

Tunda da yara za ki yi, ki lura da abu biyu. Irin da kika gani an rina shi ja ko kore ko shuɗi magani aka shafa masa, kada ya je baki, a wanke hannu bayan an taɓa. Kuma wasu furannin ado guba ne, kamar kariya da zurma da zaƙami, kada a bar su inda ƙaramin yaro ke wasa.

Da za ki ji tawa, kwalin da ya fi dacewa da yaranki a madafinki yake. Lansir yana fitowa cikin kwana 2 ko 3 in gari da sanyi-sanyi, kafin mako biyu an yanka an yi kwaɗo. Hulba ta wurin masu kayan ƙamshi tana tsira cikin kwanaki kaɗan, ganyenta kuma ana ci. Alayyafo, yakuwa, rama da lalo 'yan gida ne, damina lokacinsu ne. Ki ba kowane yaro mazubinsa, a rubuta sunansa da ranar shuka a jiki. In suna son abin wasa irin na cikin kwali, ku yi ƙwallon iri: a kwaɓa yashi da ɗan laka da toka kaɗan, a sa 'yan ƙwayoyin iri, a mulmula kamar girman goro ƙarami, a shanya a inuwa ya bushe. Wannan dabara manoman gero a yankin Maraɗi sun gwada ta a gonakinsu tare da masu bincike na jami'ar Hohenheim ta Jamus, don kare iri daga tsuntsaye da ƙwari har ruwa ya sauka. Yara su ajiye ƙwallon a saman tukunya, su danna shi kaɗan, su riƙa ba shi ruwa.

Sauran irin koriyandar da ya rage miki kada ki zubar. Ki sa shi a kwalba mai marfi, busasshiya, ki ajiye a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da madafi. A makon ƙarshe na Oktoba ki yi masa gwajin tsumma. In ya nuna rai, ki shuka kaɗan, bayan mako biyu ki sake shuka wani a wata tukunyar, haka har tsakiyar Janairu, don kada ya ƙare miki lokaci ɗaya. Basil da zinniya kuwa ki gwada su a makon nan. In wani abu ya sake faruwa, ki ɗauki hoton gindin tsiron da na bayan ganyen ki turo, tare da faɗin gefen gidan da kika ajiye tukunyar. Allah Ya sa albarka, Ya raya miki yaran.